Kafin ka ƙara jet ɗin naitros, gyara hanyar mai

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na karanta bayaninka sau biyu. Ka ce a garejinku na Agege kuna haɗa motar tseren gajeren zango, injin V8 na Chevrolet mai kafireto, wanda kuke ƙiyasta yana ba da ƙarfin doki 500. Kun sa masa farantin fesa naitros (iskar nitrous oxide ta ƙara wa inji ƙarfi) a ƙarƙashin kafireto da jet, wato ɗan bakin da ke ƙayyade yawan abin da ake fesawa, na doki 150, yanzu mai motar yana son 300. Famfon mai ɗaya ne a baya, kun raba layinsa biyu, reshe ɗaya ya tafi kafireto, ɗaya ya tafi solanoyid, bawul ɗin lantarki da ke sakar wa faranti mai. A gwaji na biyu bakin fulogin silinda ta 7 ya narke. Kana tambayar lambar jet ɗin da za ka sa.

Ba zan ba ka lambar jet yau ba. Motar da ta cinye fulogi a 150, in ka kai ta 300 a yadda take, fistin za ta cinye. Ka gode wa Allah da abin ya tsaya a fulogi.

Fara da abin da ke cikin kwalbar. Naitros ba ya ci da wuta da kansa, kuma ba shi ke tura mota ba. Iskar oksijin yake ɗauke da ita, kusan kashi 36 cikin ɗari na nauyinsa, alhali iskar da muke shaƙa kashi 23 take da shi. Idan zafi ya kai wajen digiri 300 a cikin silinda, sai ya rabu ya saki oksijin ɗin. Ƙarfin da direba ke ji a bayansa daga ƙarin fetur ɗin da wannan oksijin ya ƙone yake fitowa. To in oksijin ya iso, man bai iso ba, wutar za ta nemi abin ci, kuma abin da ke kusa shi ne ƙarfen fulogi da saman fistin. Mai walda ya san wannan sarai: ƙara oksijin a tocila shi ke yanka ƙarfe. Shi ya sa nake cewa aikin naitros kashi uku cikin huɗu aikin famfo da tiyo ne.

Bari mu yi lissafin man. Injin fetur yana shan wajen kilo 0.23 a awa kan kowane doki. Naka mai 500 ke nan kilo 115, in an mayar lita, tunda litar fetur wajen kilo 0.74 ce, ya kama lita 155 a awa. Dokin naitros ya fi cin mai, domin da gangan ake ba shi da ɗan yawa. Ka sa kilo 0.3. Doki 300 ya zama kilo 90, wato lita 120 da 'yan kai. Jimla lita 280 a awa, ka ƙara rubu'i don kada famfo ya yi aiki a ƙarshen ƙarfinsa, ka tashi da 350. A gudun daƙiƙa goma duka man bai kai lita ɗaya ba. Amma dole wannan litar ta iso a kan lokaci, da matsin da bai motsa ba.

Lambar da aka rubuta a kwalin famfo kuwa kada ta ruɗe ka. Wasu masu ƙerawa suna rubuta abin da famfon ke zubarwa ba tare da wani matsi a gabansa ba. Da matsi ya hau, zuba ta ragu. Da wutar batir ta sauka daga bolt 13.5 zuwa 12, ta ƙara raguwa. Na sha ganin famfo mai kyau an ja masa siririyar waya tun daga gaban mota, rabin ƙarfinsa ya mutu a hanya. Ka ba shi rile nasa, waya mai kauri lamba 10 kai tsaye daga batir, da fiyus, da ingantaccen at, wato wayar ƙasa, a jikin mota wanda aka kankare fenti kafin a ɗaure. Sa'annan ka auna bolt a bakin famfon yana aiki.

Yanzu ga abin da yawancin makanikai ba sa kawowa a rai, kuma shi nake zargi a motarku. Idan mota ta fizga daga tsaye, man da ke cikin dogon tiyon nan daga but zuwa inji yana da nauyi, kuma yana son ya koma baya, kamar yadda fasinja ke mannewa a kujera. Lissafinsa mai sauƙi ne: fizgar da ta kai nauyin jan ƙasa sau ɗaya tana cin kusan psi ɗaya (ma'aunin matsi ke nan) a kowace mita ta tiyo. Tiyonku ya kai mita huɗu. Mota mai taya mai kama ƙasa da naitros tana iya fizgar ɗaya da rabi. Psi shida ke nan sun tafi. In famfonka psi bakwai yake turawa daga baya, me ya rage wa kafireto da solanoyid a daidai lokacin da suka fi bukata? Kuma a tsaye a gareji ba za ka taɓa ganin wannan a geji ba, komai zai nuna lafiya lau. Maganinsa shi ne a turo man daga baya da matsi mai yawa, psi 15 zuwa 20 ko fiye, sai regileta da ke kusa da inji ta sauke shi. Ita regiletar a ɗaure ta gaba da kafireto ko daura da shi, ta yadda fizgar za ta taimaki ɗan guntun layin da ya rage.

Ga doki 300, ni ban yarda da famfo ɗaya da raba layi ba. Da solanoyid ya buɗe, kafireto ma a lokacin yake cika tukwanensa, sai su yi ta jan juna, matsin ya yi ƙasa. Abin da nake yi shi ne in ware wa naitros gidansa: ƙaramin tanki mai lita huɗu a gaba, cikin ɗakin inji nesa da bututun hayaƙi, da famfonsa, da matatarsa, da regiletarsa. Tiyon gajere ne, fizga ba ta cin sa. Kuma akwai riba ta biyu wadda ta fi muhimmanci a nan Legas: kana iya zuba man tsere mai yawan okten, wato mai jure matsi ba tare da bugun inji ba, a wannan ƙaramin tankin kaɗai, ba sai ka cika babban tanki da mai tsada ba.

Maganar mai ke nan ta taso. Fetur ɗin gidan mai an yi shi ne don motar zuwa aiki, oktensa bai isa doki 300 na naitros ba, ko da ka ja taimin, wato lokacin tashin wutar fulogi, baya. A 100 zuwa 150, injin da matsewarsa ba ta yi yawa ba zai iya jurewa. Sama da haka sai man tsere. Kwalaben ƙara okten da ake sayarwa a shaguna ɗan abin da suke ƙarawa bai taka kara ya karya ba. Sa'annan ka tuna abin da ya faru a watan Fabrairu na 2022, lokacin da fetur mai yawan metanol ya shigo kasuwa, motoci suka yi ta mutuwa a titunan Legas. Fetur yana ƙonewa daidai a kan iska kashi 14.7 ga mai kashi ɗaya, metanol kuwa 6.4 ne kacal, don haka duk man da aka gauraya da shi yana zama kamar ka rage jet ɗin mai ba ka sani ba. Man jarka na bakin titi kada ya kusanci wannan motar. Wuri ɗaya za ka riƙa saye, ka tace shi kafin ka zuba, ka kuma saita motar da irin man da za ta yi tsere da shi.

Game da tiyo da mahaɗai: lambobin AN, wato tsarin girman tiyo da mahaɗan motocin tsere, ana ƙirga su ne da kashi ɗaya cikin 16 na inci. Lamba 6 ita ce 3/8, lamba 8 rabin inci, lamba 10 kuma 5/8. Daga babban tanki zuwa famfo ka sa 10, ko 12 in bakin famfon ya karɓa, domin famfo gwanin turawa ne, ba gwanin zuƙa ba. A ɗaure shi ƙasa da matakin mai, kusa da tanki, mafitar man kuma ta kasance a bayan tankin daga ƙasa, inda mai ke taruwa in an fizga. Daga famfo zuwa gaba 8 ko 10. Layin dawowa kada ya fi na tafiya ƙanƙanta da fiye da lamba ɗaya, in ba haka ba regileta ba za ta iya sauke matsin ba. Matata mai micron 100 kafin famfo, mai 40 bayansa. Wadda ta fi mai 100 ɗin ƙanƙantar ido in ka sa ta kafin famfo, za ta shaƙe shi ya riƙa zuƙar kumfa, kuma a zafin Legas fetur ba ya jira kafin ya tafasa a layin zuƙa. Kada ka manta ƙofar shan iskar tanki. In ta toshe, famfo na faɗa da tankin da ke matse kansa.

In ka shiga kasuwar kayan mota ta Ladipo neman mahaɗai, ka riƙe wannan: bakin AN kwanarsa digiri 37 ce, daidai da mahaɗan JIC na masu haɗa tiyon haidirolik, don haka waɗannan suna zama da juna. Akwai kuma masu digiri 45 na aikin firji da gas, a ido kamar su ɗaya ne, suna ma iya ɗauruwa, amma za su yi yoyo. Ka tafi da samfur a aljihu. Mahaɗa mai lanƙwasa a hankali ta fi mai kusurwa tsaye, wadda ke rage gudun mai. Farin tef na masu aikin famfon ruwa kada ya taɓa wannan aikin. Bakin AN ba ya bukatarsa, inda zaren NPT ne kuma, wato zaren bututu mai tsukewa, man liƙe zare ake shafawa kaɗan. Wata mota da aka taɓa kawo mini, ɗan zaren tef wanda bai kai tsawon farce ba na ciro daga jet ɗin mai, bayan ya riga ya jawo ramin da yatsa ke shiga a fistin. Duk tiyon da ka yanka, ka wanke cikinsa da mai ka busa da iska kafin ka ɗaura.

Sai auna matsi, kuma nan ne nake so ka fi natsuwa. Matsin da geji ke nunawa solanoyid a rufe ba shi ne matsin aiki ba. Wanda ya dame mu shi ne matsin da ake samu mai yana gudu ta jet. Rufe kwalbar naitros, ka saki abin da ke layinta, ka cire wayar solanoyid ɗinta. Kwance layin mai daga faranti, ka bar jet ɗin da za ka yi amfani da shi a bakinsa, ka zura cikin galan na ƙarfe. Kunna famfo, ka buɗe solanoyid ɗin mai, ka saita regileta yana zuba. Yawancin kayan faranti masu kafireto an tsara su ne a kan psi biyar zuwa shida, amma takardar da ta zo da kayanka ita ce alƙali, domin lambar jet ta kamfani ɗaya ba ta aiki da matsin wani. Ka yi wannan a fili, inji a kashe a huce, da abin kashe gobara a hannun yaronka. Dalilin wannan wahala shi ne kuskure kaɗan yana da girma a ƙaramin matsi. Saukowa daga psi shida zuwa biyar tana rage man da ke wuce jet da kusan kashi tara cikin ɗari. Ka yi amfani da geji mai kyau wanda iyakarsa 15 ne. Masu ruwa a ciki suna sauya magana in sun ɗau zafin inji, don haka ka auna da wanda ke ajiye a inuwa.

Kwalba kuma a nan muka bambanta da Turawa. Littattafansu cike suke da maganar ɗumama kwalba, saboda sanyinsu. Ana son matsinta ya tsaya tsakanin psi 900 da 950, wanda ake samu in zafinta ya kai digiri 29 zuwa 30. Wannan kusan shi ne zafin inuwa a Legas. Matsalarmu ita ce wucewa. A digiri 32 ta doshi 975. A 36.4 naitros ya daina zama ruwa a ƙasa da iska a sama, ya zama wani abu guda tsaka-tsaki, matsin ya haura 1,050, kuma jet ɗinka ba da wannan aka lissafa shi ba. But ɗin motar da ta yini a rana ya wuce 36 nesa. Matsi ya hau, naitros ya ƙaru, man yana nan yadda yake, ga cakuɗa ta bushe, wato mai ya yi mata kaɗan. Wasu solanoyid ma ƙin buɗewa suke yi in matsin ya yi yawa. Ina zargin wannan ma ya taimaka wajen cin fuloginku, in da rana kuka yi gwajin. Ka ajiye kwalbar a inuwa, ka lulluɓe ta da jiƙaƙƙen tawul har geji ya sauko. In da sassafe ne ko bayan gudu ta yi sanyi, bargon ɗumama mai kashe kansa za ka sa. Wuta ko tocila a jikin kwalbar alminiyam haramun ne a garejina, domin tana raunana ƙarfen har abada. Faifan kariyarta yana fashewa a wajen psi 3,000, don haka a ja masa bututu ya fita wajen mota.

A ɗaure ta bawul yana kallon gaba, an ɗaga shi kaɗan, takardar jikinta tana sama, domin bututun cikinta ya zauna a ƙasa ta baya inda ruwan ke taruwa. Geji ba ya faɗin abin da ya rage a ciki, sikeli ke faɗa. Kwalbar kilo 4.5 a doki 300 tana rasa fiye da kilo ɗaya a gudun daƙiƙa goma, kuma in ta sauka ƙasa da rabi matsinta na faɗuwa a tsakiyar gudu. Layinta lamba 6 ne ga wannan girman, da solanoyid na fesar da iskar layi kafin tashi. Ka kuma san a wurin wa kake cika ta, ka riƙe takardar shaida, domin tun 2023 hukumar NDLEA ta sa ido a kan wannan iskar saboda masu shaƙarta a balan-balan. Kada wani ya ruɗe ka da oksijin na walda a madadinta.

Akwai makunnai uku da ba na barin mota ta fita babu su. Na totur, wanda ba ya barin naitros ya shiga sai an taka har ƙasa. Na juyin inji, wanda ke buɗewa sama da juyi 3,000 a minti ya kuma rufe ɗari biyu ko uku kafin iyakar juyi. Fesawa a ƙaramin juyi ita ke lanƙwasa sandar fistin ko ta tayar da wuta a manifol. Sai na matsin mai, wanda ke yanke komai da zarar matsin ya faɗi. Shi wannan na ukun kuɗinsa bai kai na fistin ɗaya ba. Kuma ka lura, naitros mai psi 950 yana riga man psi shida isa faranti, sai a sami bushewa ta ɗan ƙiftawar ido a farko. Ka gajarta layin mai daga solanoyid zuwa faranti iya yadda za ka iya. A doki 300 kuma na'urar da ke shigar da shi sannu-sannu tana taimakon inji da taya baki ɗaya.

Taimin: ƙa'idar da ake farawa da ita ita ce ja da baya digiri biyu kan kowane doki 50. In injinku ya fi son 34 ba naitros, a 150 ya zama 28, a 300 ya zama 22. Naitros yana sa wuta ta ci da sauri, don haka ba ta bukatar a kunna ta da wuri. Ba ka ce kun ja taimin ba, kuma in ba ku ja ba, to ga babban dalilin narkewar nan. Fulogi mai sanyi, wato mai saurin zubar da zafi, mataki biyu, marar dogon baki, ba mai siririn tsinin filatinam ba, tazarar bakinsa milimita 0.7 zuwa 0.8. A fulogin kamfanin NGK, babbar lamba ita ce mai sanyi. Silinda ta 7 kuma ba banza ta fara ba. Jerin tashin wannan injin 1-8-4-3-6-5-7-2 ne, 5 da 7 maƙwabta ne a wuri, kuma a jere suke tashi. In wayoyin fuloginsu sun kwanta tare, wutar 5 na iya tsallakawa ta kunna 7 kafin lokacinta. Raba su. Silindar kusurwa ce kuma, wadda faranti ba koyaushe yake raba mata daidai ba, musamman a manifol mai hawa biyu. Shi ya sa masu wuce 300 suke komawa bakin fesawa ɗaya a kowace silinda, inda za ka iya yi wa kowace jet ɗinta.

Wasu za su ce maka ka tula mai kawai ka huta. Kada ka bi su. Mai fiye da kima a naitros yana taruwa a bayan ringi, ya ɗaga gefen fistin, kuma sau da yawa ana ɗora laifin a kan bushewa. Geji mai faɗin zango a bututun hayaƙi ya nuna maka iska kashi 11.5 zuwa 12 ga mai kashi ɗaya, amma shi matsakaicin silinda huɗu yake faɗa, ba ya ganin guda ɗaya da ke wahala. Fulogi ke gani. Sa sababbi, ka yi gudu ɗaya, ka kashe injin a ƙarshen gudun ba tare da ya yi silo ba, a jawo motar, ka ciro duka takwas ka jera su bisa lamba. Dubi ƙarfen nan mai lanƙwasa: alamar zafi in ta tsaya wajen bakinsa ko kafin gwiwa, kana da sarari, in ta wuce gwiwa ta doshi zare, taimin ya yi yawa. Ɗigo-ɗigo kamar barkono a farin tangaran alamar bugun inji ne, masu ƙyalli kuwa fistin ne ya fara zuba. Wadda ta fi zafi a cikin takwas ɗin ita za ka bi wajen saiti.

Kafin komai, auna matsewar silinda ta 7, ka kwatanta da sauran, ka leƙa cikinta ta ramin fulogi. Ka tambayi wanda ya haɗa injin ko fistin ɗin na ƙira ne ko na zubi, da tazarar da ya bar wa ringi. A silinda mai faɗin inci huɗu, doki 300 na son ringin sama ya sami wajen milimita 0.6 zuwa 0.7, in ba haka ba bakunansa su haɗu in ya yi zafi, su ɓalle kan fistin. In na zubi ne, ka gaya wa mai motar gaskiya cewa 150 ce iyakarsa. In komai lafiya, ka gyara hanyar mai, ka koma 100, fulogi ya yi kyau, ka hau 150, sannan 200, abu ɗaya kake sauyawa a kowane gudu kana rubutawa a littafi: jet, matsin kwalba, matsin mai, taimin, da lokacin rana. Gwajin kuma a rufaffen fili da izini, da hular kwano da abin kashe gobara, ba a gadar Third Mainland da tsakar dare ba, inda danfo ko mai tura lalatacciyar mota zai iya ɓullo maka. In ka yi gudun farko a 100, ka turo mini hoton fulogi takwas ɗin a jere da matsin man da ka auna yana zuba, daga nan sai mu yi maganar jet.